KO WANDA KOTU TA TAƁA HUKUNTAWA ZAI IYA ZAMA LIKITA?

A duk unguwannin da 'yan Arewa suka yi zango a Kudu, ko Sabo ta Badun ce, ko Agege da Obalande a Ikko, ko Sabo ta Shagamu, da wuya a sami uban da ba ya burin a wayi gari ɗansa ya zama likita. Mutanen Idi-Araba ma ba sai an ba su labari ba, domin asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, wanda ya fara aiki a 1962, maƙwabcinsu ne, kowace safiya suna ganin samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna shiga suna fita.

To, amma zaman birni ba ya rasa tsautsayi. Yaro mai ƙwaƙwalwa yakan faɗa hannun miyagun abokai, a kama shi cikin faɗan tasha, ko a same shi da kayan sata, ko da ƙullin wiwi a aljihu, majistare ya ci shi tara ko ya ɗaure shi 'yan watanni. Bayan shekaru ya natsu, ya koma ga littafi, ya ci jarrabawa da kyau. A nan ne tambaya takan taso a gida: shin wancan tabo ya rufe masa ƙofar makarantar likita ke nan har abada?

An sha fafata wannan magana a fili a Ingila da Suwidin da Amurka, har ta kai ga jaridu da ministoci. Abin da ya fito daga can shi ne, makarantu sukan yafe laifuffuka da dama idan mai su ya faɗa da bakinsa, ya kuma nuna ya sake hali, amma da wuya su yafe wa wanda ya ɓoye aka tono.

SAURAYIN BRADFORD

A cikin shekarar 2008 jaridar Guardian ta Ingila ta buga labarin wani saurayi ɗan shekara 18 daga wata unguwar talakawa a garin Bradford. A 2005, yana ɗan shekara 16, kotu ta same shi da laifin shiga gidan mutane da niyyar sata. Ba a kai shi gidan yari ba, an dai yanke masa hukuncin yi wa jama'a aiki ba lada na wata 4. Daga nan yaron ya rabu da tsofaffin abokansa, ya duƙufa ga karatu, ya riƙa aikin sa kai a ƙungiyoyin taimakon naƙasassu, ya kuma fito jarrabawar babbar sakandare da darajar A a fanni 4.

Kwalejin Imperial ta Landan, wadda tana cikin manyan makarantun likita na ƙasar, ta ba shi gurbi. Da maganar tsohon laifinsa ta zo gabanta, kuma daga bakinsa ta fito, sai kwalejin ta zauna ta duba, ta janye gurbin. Hujjarta ita ce wajibi ne ta kare amanar da jama'a suka ba aikin likita.

Sai ƙura ta tashi. Waɗansu suka ce kwaleji ta yi daidai, domin likita mutum ne da ake bari shi kaɗai da majinyaci, ana kuma buɗe masa ƙofar gida da dare. Waɗansu kuwa suka ce idan yaron da ya yi laifi sau ɗaya, ya ɗauki hukuncinsa, ya gyara kansa, ya kuma faɗi gaskiya, za a kore shi, to, me ake koya wa sauran yaran unguwarsu? Ashe ke nan mai ɓoyewa ya fi mai faɗa dabara. Maganar ta kai har ga ministan ilmi mai zurfi na lokacin, Bill Rammell. Kafin shekarar ta ƙare Jami'ar Manchista ta ba saurayin gurbin karatun likita.

Laifi ɗaya, yaro ɗaya, makarantu biyu a ƙasa ɗaya, kowace da hukuncinta. Wannan ya nuna cewa a Ingila babu wata doka da ta ce duk mai tabo ba zai yi karatun likita ba. Kowace makaranta tana da kwamitinta mai duba cancanta, kuma in ɗaya ta ƙi, wata tana iya karɓa.

ABIN DA YA SA TURAWA KE ƊARI-ƊARI

Ingila tana da wata doka ta 1974 wadda aka yi domin tsofaffin masu laifi. Dokar ta ce bayan wani adadin lokaci, gwargwadon nauyin hukuncin, laifin ya shuɗe, mutum yana iya neman aiki ba tare da ya ambace shi ba. Amma shekara guda bayan haka, watau a 1975, aka fitar da jerin ayyukan da wannan rangwame bai shafa ba, aikin likita kuwa yana cikinsu. Saboda haka mai neman karatun likita dole ya bayyana har laifin da ya shuɗe, sa'an nan a nemi bayaninsa daga hukumar binciken tarihin laifuffuka, wadda tun 2012 ake kira DBS.

Daga 2013 an ɗan sassauta. Ƙaramin laifin da bai kai ga ɗauri ba, kuma ba ya cikin jerin manyan laifuffuka irin su fyaɗe da mummunan rauni, yakan daina fitowa a takardar bincike bayan shekara 11 idan mutum ya balaga lokacin da aka hukunta shi, ko shekara 5 da rabi idan bai kai 18 ba. Wanda aka yanke wa ɗauri kuwa, nasa ba ya gogewa daga wannan takarda.

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Macijin da ya sari mutanen Ingila shi ne Dokta Harold Shipman. A 1976 kotun majistare ta Halifax ta same shi da laifin rubuta takardun magani na jabu domin ya sami fetidin, wani maganin kashe zafi mai sa maye, wanda ya riƙa yi wa kansa allura da shi. Aka ci shi tarar fam 600. Majalisar Likitoci ta ƙasar, watau GMC, ta sami labari, amma ba ta hana shi aiki ba. A 1977 ya koma aikin likita a garin Hyde, kusa da Manchista, mutane suka so shi, suka amince da shi. Sai a 1998 aka kama shi, a watan Janairu na 2000 kotu ta same shi da laifin kashe majinyata 15 da allura. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Janet Smith ya tabbatar da mutum 215 a rahotonsa na 2002, ya kuma ƙiyasta cewa jimlar ta kai wajen 250, galibinsu tsofaffin mata.

Ba kowane mai laifin ƙwaya ne zai zama Shipman ba, wannan kowa ya sani. Amma tun daga lokacin duk wani ɗan kwamiti da aka ajiye wa fayil ɗin mai tabo a gabansa, yana sane da cewa an taɓa ganin ƙaramin laifi aka kau da kai, daga baya aka yi da-na-sani.

MAI KISAN KAI A AJIN LIKITOCI

Labarin Suwidin ya fi na Bradford nauyi nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 1999 aka harbe wani ɗan ƙungiyar ƙwadago mai suna Björn Söderberg a ƙofar gidansa a Stockholm. Laifinsa a wurin waɗanda suka kashe shi shi ne ya tona asirin wani mai aƙidar Nazi da ya sami muƙami a ƙungiyar ma'aikatan wurin aikinsu. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure akwai Hampus Hellekant, wanda aka yanke wa shekara 11. Ya yi karatu daga kurkuku, ya canja sunan danginsa zuwa Svensson, aka sake shi a 2007 kafin cikar wa'adi.

A wannan shekarar ya sami shiga Cibiyar Karolinska, makarantar likitan da malamanta ke zaɓen wanda za a ba lambar Nobel ta fannin magani. Ya zauna gaban masu tambayoyin baka, ba su tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi ba, shi ma bai faɗa ba. Sai da aka fara karatu, wasiƙu marasa suna suka iso makaranta, sa'an nan asiri ya tonu.

Hukumar makarantar, a ƙarƙashin shugabarta Harriet Wallberg-Henriksson, ta duba doka, ta ga ba ta da ikon korar ɗalibi don laifin da ya riga ya yi zamansa a gidan yari. Ɗalibai da malamai suka rabu biyu. Ana cikin haka aka lura da wani abu a takardar sakamakonsa ta sakandare: sunan da ke kanta sabon sunansa ne, alhali kuwa lokacin da ya gama sakandare bai riga ya canja suna ba. Watau an taɓa takardar. A kan wannan aka sallame shi a watan Janairu na 2008. Kisan kai bai iya fitar da shi daga aji ba, amma jabun takarda ya fitar da shi.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 2009 jaridu suka ba da labarin cewa ya sake samun gurbin karatun likita a Jami'ar Uppsala. Amma hukumar da ke ba likitocin ƙasar lasin ta riga ta faɗa cewa ko ya gama ba za ta ba shi izinin duba majinyata ba. Wannan shi ne abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Shiga makaranta ƙofa ɗaya ce kawai. Akwai ƙofa ta biyu, watau asibitin da ɗalibi zai yi aikin koyo a cikinsa, akwai kuma ta uku, watau hukumar da ke yi wa likita rajista. Mutum yana iya wuce ta fari, ya ɓata shekara 6 da dukiyar iyayensa, ya zo ya tarar ta ƙarshe a kulle.

WANDA YA ƁOYE HAR YA ISO AFIRKA

A Amurka sunan da ake tunawa shi ne Michael Swango. Ya gama makarantar likita a jihar Illinois a 1983. A 1985 kotu ta ɗaure shi shekara 5 saboda sa wa abokan aikinsa na motar asibiti guba a abinci da abin sha. Da ya fito, sai ya shirya takardun ƙarya masu nuna wai laifinsa bai wuce 'yar dambe da wani abokin aiki ba, har da wasiƙar jabu da sunan gwamnan jihar Virginia mai cewa an mayar masa da 'yancinsa. Da waɗannan ya sami gurbin koyon aiki a wani asibitin jami'a a jihar South Dakota. Da aka gano shi aka kore shi, ya sake samun wani a jihar Niyu Yok a 1993, majinyata kuma suka fara mutuwa a hannunsa.

Da ƙasa ta yi masa zafi, a 1994 ya tsallako Zimbabuwe, ya sami aiki a asibitin mishan na Mnene, can ma aka fara ganin mace-macen da ba a gane kansu ba. A 1997 aka cafke shi a filin jirgin saman Shikago yana kan hanyarsa ta zuwa wani sabon aiki a Saudiyya. A 2000 ya amsa laifin kashe majinyata, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Abin da ya ba shi dama duk tsawon shekarun nan shi ne asibitoci sun karɓi abin da ya faɗa ba su bincika ba.

Yanzu fom ɗin da yawancin makarantun likita na Amurka ke amfani da shi, wanda ake kira AMCAS, yana tambayar mai nema ko an taɓa samunsa da babban laifi ko ƙarami, yana kuma tambaya ko wata makaranta ta taɓa ladabtar da shi. An ba shi fili ya yi bayani. Ba a buƙatar ya ambaci abin da kotun yara ta hukunta, ko abin da kotu ta goge daga littafinta inda dokar jihar ta yarda. Bayan an ba shi gurbi, makarantu da yawa sukan sa a bincika tarihinsa, a gwada da abin da ya rubuta. Idan biyun suka saɓa, ana iya janye gurbin ko da laifin kansa bai taka kara ya karya ba.

Ƙofofin gaba ma suna nan. Kowace jiha tana da hukumar ba da lasin, kuma tana tambaya. Likita ba ya rubuta magunguna masu sa maye sai da rajistar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasar, wadda ke da ikon hana wanda aka taɓa samu da babban laifin ƙwaya. Shi ya sa laifin ƙwaya yake yi wa mai son aikin likita nauyi fiye da yadda yake yi wa mai neman aikin injiniya ko na akawu.

ABIN DA KWAMITI KE AUNAWA

Idan aka haɗa waɗannan labarai da ƙa'idodin da makarantu ke bi, za a ga abubuwan da ake ɗorawa a sikeli ba su da yawa. Na farko irin laifin. Likita yana taɓa jikin mutane, yana shiga inda ko ɗan'uwa ba ya shiga, yana riƙe da mabuɗin ɗakin magani, sa hannunsa kuma shaida ce a kotu da ofis. Don haka laifin fyaɗe ko cin zarafin yara, da na zub da jini, da na fataucin ƙwaya, da na zamba ko jabun takarda, su ne suka fi kusa da zuciyar aikin, su ne kuma suka fi wuyar wucewa. Laifin hanya ko hatsaniyar ƙuruciya ba a auna su da wannan mudu.

Na biyu shekarun mutum lokacin da ya yi laifin, da tsawon lokacin da ya wuce. Ɗan shekara 16 da ya yi sata sau ɗaya ba ɗaya yake da magidancin da ya yi bara ba. Na uku ko sau ɗaya ne ko ya zama hali. Na huɗu abin da ya yi da rayuwarsa tun daga lokacin, da kuma mutanen kirki da za su tsaya masa da sunansu, waɗanda suka san laifin kuma duk da haka suka shaide shi. Na biyar, wanda sau da yawa shi ke yanke magana, yadda ya ba da labarin. Wanda ya zo yana cewa sharri aka yi masa, alƙali ne ya ƙi jininsa, abokai ne suka ja shi, kwamiti yakan ga har yanzu bai ɗauki laifinsa ba. Wanda ya ce ga abin da ya yi, ga wanda ya cuta, ga hukuncin da aka yi masa, ga kuma inda ya sa gaba, shi ake saurara.

WATA HANYAR DABAN

Akwai kuma waɗanda ƙofar duba majinyata ta yi musu wuya, suka shiga fannin ta wata hanya. Stanley Andrisse ɗan jihar Missouri ne a Amurka, iyayensa baƙi ne daga Haiti. Yana saurayi aka yanke masa ɗaurin shekara 10 kan fataucin ƙwaya. Yana tsare ciwon sukari ya ci ƙarfin mahaifinsa, wannan ya sa ya fara karanta takardun masana a kan cutar daga cikin kurkuku. Ya nemi gurbin karatu mai zurfi a wurare 6, guda 5 suka ƙi shi. Jami'ar Saint Louis ce kaɗai ta karɓe shi, inda wani tsohon malaminsa da ya san shi ya tsaya masa. Ya sami digirin dokta na bincike a 2014, ya yi aiki a Jami'ar Johns Hopkins, daga baya ya zama malami a kwalejin likitanci ta Jami'ar Howard da ke Washinton, yana koyar da waɗanda za su zama likitoci. Ya kuma kafa ƙungiyar taimaka wa tsofaffin fursunoni su shiga jami'a.

Shi ba likitan asibiti ba ne, masanin bincike ne. Amma labarinsa ya nuna abu biyu: cewa mutum ɗaya mai mutunci da zai ce ya san yaron yakan yi abin da takarda goma ba su yi ba, da kuma cewa fannin lafiya ya fi ɗakin duba majinyaci faɗi.

YAYA ABIN YAKE A NIJERIYA?

A nan gida hanyar sananniya ce. Yaro ya ci jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, ya wuce tantancewar jami'a, ya yi shekara 6, sa'an nan Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, watau MDCN, ta yi masa rajistar wucin gadi. Ya yi shekara guda yana koyon aiki a asibiti a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Wanda ya yi karatunsa a waje, ko a Misira ne ko Sudan ko Indiya, sai ya zauna jarrabawar majalisar kafin ya taɓa majinyaci a ƙasar nan.

Dokar da ta kafa majalisar ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtar da likitoci. Cikin dalilan da kotun ke iya soke sunan likita daga rajista ko ta dakatar da shi, akwai idan wata kotu, a Nijeriya ko a waje, ta same shi da laifin da ake ganin bai dace da matsayin likita ba. Akwai kuma idan aka gano da zamba sunansa ya shiga rajista. Watau a nan ma, ƙaryar da aka yi a ranar cika fom tana iya bin mutum har ya yi furfura a kan aiki.

Game da yara kuwa, Dokar Haƙƙin Yaro ta 2003 ta ce a riƙe bayanan yaron da ya yi laifi cikin sirri, kada a buɗe wa wanda abin bai shafa ba, kada kuma a yi amfani da su a kansa a shari'ar da za a yi masa bayan ya girma. Yaro a dokar shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai dokar tarayya ce, kowace jiha da irin wadda ta zartar, don haka sai a duba ta jihar da aka yi shari'ar. Gidajen horon kangararrun samari na Kaduna da Ilori da Abekuta ma an kafa su ne domin gyara hali da koyar da sana'a.

Ga manya, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta tanadi babban ofishin ajiye tarihin masu laifi a hannun 'yan sanda. Duk mai shirin fita karatu da aka nemi ya kawo takardar shaidar hali, 'yan sanda ne ke ba da ita bayan ɗaukar hoton yatsu, kuma mazauna Ikko sun san ofishin Alagbon da ke Ikoyi da wannan aiki. Tsarin mulki na 1999 kuma ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa a sashe na 175, ya ba gwamna irin wannan iko kan laifuffukan dokar jiha a sashe na 212.

Ɓangaren karatu a gidan yari ya ci gaba. Tun 2019 aka canja sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, ta buɗe cibiyoyin karatu a gidaje irin su Kirikiri, inda fursunoni suka yi digiri ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Ita dai ba ta koyar da likitanci, domin karatu ne da ba ya yiwuwa sai a gefen gadon majinyaci.

Mai niyyar Ingila ko Amurka kuma yana da ƙofa ta huɗu, ita ce biza. Ƙa'idar shige da fice ta Ingila ta ce a ƙi wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, kuma wanda aka kama da yaudara a takardar nema ana iya hana shi shiga har shekara 10. Dokar Amurka tana hana mai laifin ƙwaya shiga, wanda kuwa ya yi ƙarya don ya sami biza, haramcinsa na har abada ne sai in an yi masa rangwame na musamman.

SHAWARA GA IYAYE DA SAMARI

Abu na farko shi ne a san ainihin abin da ke rubuce. Kamun 'yan sanda daban, hukuncin kotu daban. Wanda aka tsare a caji ofis aka sake shi, ko aka kai shi kotu aka sallame shi, ba a same shi da laifi ba. Wanda kuwa ya amsa laifi aka ci shi tara, ko da ta naira kaɗan ce, ko da bai kwana a gidan yari ba, an hukunta shi. A je wurin rajistaran kotun a karɓi kwafen hukuncin mai hatimi, a kai wa lauya ya karanta, ya faɗi sunan laifin a doka da abin da zai iya jawowa.

Na biyu, a karanta tambayar fom da kyau, a amsa abin da aka tambaya, a amsa shi da gaskiya. Wani fom hukunci kaɗai yake tambaya, wani har da shari'ar da ke gaban kotu. Kada a bari mai shagon cika fom ya danna "a'a" don sauri. Kada kuma a yarda da mai cewa zai gyara takarda, ko ya canja suna, ko ya rage shekaru, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan aiki jabun takarda ya fi yawancin laifuffukan da ake son rufewa da shi muni.

Na uku, a tambayi ƙofar ƙarshe tun kafin a shiga ta fari. Wanda laifinsa ke da nauyi ya rubuta wa makarantar, ya kuma nemi bayanin hukumar rajista ta ƙasar da yake son yin aiki, kafin mahaifinsa ya sayar da shanu ko ya jinginar da rumfa. Ya nemi gurbi a wuri fiye da ɗaya. Ya tanadi shaidu na gaske, kamar shugaban makarantarsa, ko likitan da ya yi aikin sa kai a ƙarƙashinsa, ko Sarkin Hausawan unguwarsu, kuma ya gaya musu komai kafin su sa hannu.

Na ƙarshe ya shafi ranar da abin ya faru. Sau da yawa idan aka kai yaro gaban majistare, dangi sukan matsa masa ya amsa laifi a biya tara a koma gida, don gudun zirga-zirgar kotu da asarar kasuwa. Wannan amsa ta minti ɗaya ita ce za a tambaye shi bayan shekara goma. Kafin yaro ya buɗe baki a kotu a nemi lauya, a kuma tabbatar an gaya wa kotu shekarunsa na gaskiya idan bai kai 18 ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a da Gwamnatin Tarayya ta kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, tana kuma da ofisoshi a jihohi.